Kaskon kirep: nonsitik, baƙin ƙarfe ko na lantarki, wanne za ki saya?

Kirep na gaskiya na fara cin sa ne a gidan wata maƙwabciyata da ta taso a Yamai. Ta ɗaga guda ɗaya saitin taga, sai ga haske yana ratsa shi kamar siririn mayafi, gefensa ya soyu ya ɗan lanƙwashe kamar bakin leshi. Na karɓi ma'auninta a rubuce, na koma gida na kwaɓa yadda ta ce ba ragi ba ƙari, amma abin da ya fito daga kaskona fanke ne mai kauri, rabinsa kuma ya maƙale. Ƙullu iri ɗaya, fulawa iri ɗaya. Washegari ta leƙo kicin ɗina, ta ɗauki kaskon ta juya shi ta ce: "Maman yara, ai ba hannunki ba ne, wannan kaskon suyar kifi ne." Tun daga ranar na yi ta gwada kasake, kuma abin da na gano shi ne zan shimfiɗa wa duk uwargidan da ke tsaye a gaban mai kaya tana wasi-wasi.

Kirep abincin Faransa ne, cibiyarsa kuma yankin Bretagne da ke arewa maso yammacin ƙasar, wanda bai kamata a rikita shi da Birtaniya ta Turawan Ingila ba. A can kala biyu suke yi: na fulawar alkama, wanda aka fi ci da zaƙi, da kuma galette, wanda ake yi da garin wani hatsi mai duhu da suke kira sarrasin, ana cin sa da ƙwai da cuku da nama. Kowace ranar 2 ga Fabrairu, a bikin Chandeleur, gidaje a faɗin Faransa suna toya kirep, har da al'adar wulla shi sama da hannu ɗaya alhali ɗaya hannun na riƙe da tsabar kuɗi. Na fulawa nake magana a kansa, don shi ne kayan haɗinsa ke kowane kanti a wurinmu.

Domin kwatancen ya yi adalci, ga ƙullun da na gwada duka kasaken da shi: fulawa giram 250, ƙwai 4, madara rabin lita, narkakken bota giram 50, sukari cokali 2, gishiri ɗan kaɗan. Ba yis, ba bakin hoda, don kirep ba ya son tashi. In madarar gari ce, giram 65 a rabin litar ruwa ya wadatar. A tace ƙullun da rariya saboda gudaji, a rufe shi ya huta awa ɗaya, a firij in ana zafi tunda akwai ƙwai da madara. Hutun nan ne ke sa fulawa ta sha ruwa, danƙonta ya saki, kirep ya fito da laushi. Zai ba ki wajen guda 15. Girke-girken Faransawa da yawa suna ƙara giya don ƙamshi, kuma galette ɗin da suka fi so da naman alade ake yi. Ko ɗaya ba sharaɗi ba ne: ɓawon lemon zaƙi da aka goga ko ɗigon fanila sun ishe ki ƙamshi.

Abin da kirep ke nema a wurin kasko

Ƙullun kirep tsululu ne, bai fi kaurin madarar gwangwani ba. Da ya taɓa ƙarfe yake fara kamewa, don haka daƙiƙa uku zuwa huɗu kawai kike da su ki zagaya shi ya rufe kaskon. Daga nan ma'aunaina suka fito.

Na farko zafi: ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma bazu ko'ina daidai, kada tsakiya ta ƙone gefe na fari. Na biyu siffa: ƙasa shimfiɗaɗɗe sumul, baki gajere sosai yadda cokalin juyi zai shiga ƙarƙashi ba tare da ya yaga ba. Na uku nauyi, domin da wuyan hannu ake zagaya ƙullu, kuma sau 15 za ki yi a zama ɗaya. Na huɗu, wanda masu talla ba sa tambayarki, wace wuta kike girki da ita: gas, risho, gawayi ko lantarki? Sai kuɗi, da ƙarko, da abin da zai iya cutar da ke ko ya ɓata kaskon.

Kaskon nonsitik

Alminiyum ne da aka shafe cikinsa da wani sinadari mai santsi, PTFE, wanda aka fi sani da Teflon. Wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, Roy Plunkett, shi ya gano shi a 1938, sannan wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, ya samo hanyar manna shi a jikin alminiyum, ya kafa kamfanin kasake na Tefal a 1956.

A sauƙi babu na biyunsa. Ba shi da nauyi, yana ɗaukar zafi cikin minti ɗaya ko biyu, kuma alminiyum ya fi ƙarfe saurin baza zafi kusan ninki huɗu, don haka ko bakin murhun gas ɗinki ƙarami ne, gefe zai samu rabonsa. Ɗigon mai a kan tsumma ya isa. Yarinya 'yar shekara 12 za ta iya fitar da kirep lafiyayye a ranar farko. Irin na Tefal ma akwai jan tambari a tsakiya da ke sauya kama in zafi ya yi daidai.

Aibinsa guda biyu ne. Na farko, kirep ɗinsa yakan fito fari-fari, mai laushi amma ba shi da wannan zanen ja-ja da soyayyen gefe, saboda santsin ya hana ƙullu kama ƙarfe, kuma ba a so a cika masa wuta. Na biyu shi ne ƙarko. Shafen nan ba ya gyaruwa. Cokalin ƙarfe sau ɗaya, ko soson waya a hannun mai wanke-wanke, ya bar tabon da daga nan ƙullu zai riƙa kamawa. Ko an lallaɓa shi, galibi 'yan shekaru ne, biyu zuwa biyar, a sake saye.

Batun haɗari kuwa a riƙe lamba ɗaya: digiri 260. Daga nan shafen ke fara lalacewa, in zafi ya ci gaba yana fitar da hayaƙin da ke sa mutum zazzaɓi, yana kuma kashe tsuntsayen da ke kusa. Kasko mara komai a ciki da aka manta a kan wuta yana kaiwa nan cikin 'yan mintuna. Shi ya sa ba na ba mai girki da gawayi shawarar sa ko kaɗan, domin garwashi ba shi da maɓallin ragewa. A Faransa kanta an yi ta muhawara kan dangin waɗannan sinadarai. Dokar da majalisarsu ta zartar a Fabrairun 2025 ta hana su a kayan kwalliya da tufafi, amma ta bar kayan girki. A wurinmu kuma akwai ƙarin damuwa ta jabu: kasko mai baƙin fenti da ake kira nonsitik, wanda bayan wata ɗaya fentin ke ɓarewa yana bin abinci. Araha ba ta ado. In za ki saya, ki ɗaga ki ji ƙasansa da kauri, ki kuma duba rubutun kamfani a gindi.

Kaskon baƙin ƙarfe

Nan zuciyata take, kuma zan daɗe a kansa. Shi ne kaskon kirep na asali a gidajen Faransa: faifan ƙarfe tsantsa mai kaurin milimita 2 zuwa 2 da rabi, baki gajere, dogon mariƙi. Sanannen mai ƙera shi kamfanin De Buyer ne da ke yankin Vosges tun 1830. Mai faɗin santimita 24 shi ya fi dacewa da gida, nauyinsa wajen kilo ɗaya.

Sabo fil ba ya toya komai. Sai an shayar da shi mai, abin da Faransawa ke kira culottage. Duk wadda ta taɓa sayen sabuwar tanda ta san zancen: masar farko kamawa take yi, sai tandar ta sha mai ta yi baƙi sannan take sakin waina da kanta. Haka wannan. Za ki wanke shi da ruwan zafi sosai, domin wasu ana shafe su da kakin zuma daga masana'anta don kada su yi tsatsa a hanya. Ki busar da shi a kan wuta, ki shafa man gyaɗa siriri, siriri ƙwarai kamar kina son goge shi duka, ki bar shi ya yi hayaƙi har launin ya juya ruwan ƙasa. Ki bari ya huce, ki maimaita sau uku ko huɗu. Zafi yana mayar da man wani busasshen rufi mai tauri da ke manne da ƙarfen, kuma kowace tuya ƙara masa take yi. Tsofaffin Faransawa kan soya ɓawon dankalin Turawa da gishiri da mai a ciki kafin su fara. Kuskuren da aka fi yi shi ne labta mai da yawa, sai ya daskare ya yi danƙo a maimakon santsi.

Nawa ya ɗauki kamar zama biyar kafin ya miƙa wuya. A zama na shida na zuba ludayi ɗaya, na ji wannan "caaa" ɗin mai taushi, na karkata hannu ƙullun ya zagaye, ƙananan ƙofofi suka buɗe a samansa kamar na sinasir. Kafin minti ɗaya gefen ya ɗago da kansa. Na girgiza kaskon sai kirep ɗin ya zame. Da na juya shi, bayansa ya yi zanen ja da ruwan zuma, ƙamshin bota ya cika kicin. Wannan launi da wannan ɗanɗano nonsitik bai taɓa ba ni su ba.

Ba ya tsoron wuta. Gas, risho, gawayi, duk nasa ne, kuma cokalin ƙarfe ba ya yi masa komai. Sai dai tunda ƙarfe ba ya baza zafi da sauri, a ɗora shi a matsakaiciyar wuta minti uku zuwa huɗu kafin a fara. Gwajin da nake yi: in yarfa ɗigon ruwa, in ya tsaya yana tafasa bai yi ba, in ya dunƙule yana gudu a kan kaskon to ya yi, har ma a ɗan rage wutar. A kan kurfoti, ki baje garwashin ki yayyafa masa toka kaɗan don zafin ya lafa.

Maƙiyinsa ruwa ne. Wata damina na bar nawa a jiƙe cikin baho har safe, na tashi na tarar da shi ja wur da tsatsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka ya tafi ke nan. Amma soson waya da gishiri suka cire tsatsar, na sake shayar da shi, yau shekarunsa da yawa yana aiki. Wannan shi ne babban bambancinsa da nonsitik: duk ɓarnar da aka yi masa tana gyaruwa. Ƙa'idarsa bayan tuya: a goge da tsumma ko a ɗauraye da ruwan zafi, a busar a kan wuta, a shafa ɗigon mai. Kada a dafa tumatir ko a matsa lemon tsami a cikinsa, tsami yana cinye rufin. Kuma a ware shi, don in aka soya kifi a ciki kirep ɗin gobe zai ba da labari. Mariƙinsa ma ƙarfe ne, yana zafi, a tanadi tsumma.

In a kayan gwanjon Turai kika tsinto shi, ko faifan da zan ambata a gaba, ki kankare tsohon baƙin har sai farin ƙarfe ya fito ki sake shayar da shi da manki. A Bretagne al'adarsu ce shafa faifan kirep da kitsen alade haɗe da gwaiduwar ƙwai.

Kaskon zubin ƙarfe

Ɗan'uwan na sama ne, amma narkakken ƙarfe aka zuba a ma'auni, don haka ya fi kauri da nauyi, yakan kai kilo 2. Yana jinkirin ɗaukar zafi, in ya ɗauka kuma ba ya saki, launin kirep ɗinsa kyakkyawa ne. Matsalar ita ce ba ya juyuwa a hannu. Kafin ki karkata shi ƙullun ya kame a tsakiya, shi ya sa irin na kamfanin Le Creuset na Faransa ke zuwa da ɗan katakon baza ƙullu. Yana da tsada, kuma in ya faɗi a kan siminti yana iya tsagewa. In kina da shi a gida ki yi amfani da abinki. In saye za ki yi don kirep kawai, ban ga dalili ba.

Na lantarki, da babban faifan Bretagne

Kala biyu ne da bai kamata a haɗa su ba. Akwai ƙaramin na gida, faifan nonsitik mai faɗin santimita 30 ko kusa da haka, mai cin wuta wajen wat 1,000 zuwa 1,500. Amfaninsa shi ne maɓallin zafi: kin saita, ya tsaya a nan. Ana iya ɗora shi a tebur yara na zagaye da shi. Amma shafensa na ƙarewa kamar na kowane nonsitik, in wayar cikinsa ta ƙone kuma sau da yawa gyaran bai kai ya biya ba.

Sai billig, faifan zubin ƙarfe mai faɗin santimita 35 zuwa 40 da masu sana'a ke aiki da shi. Kamfanin da ya yi suna a kansa shi ne Krampouz, wanda ya faro a 1949 a kusa da birnin Quimper, kuma sunan nasa ma'anarsa kirep a harshen mutanen Bretagne. Ba a karkata billig. Ana zuba ƙullu, a ja shi a zagaye da wani ɗan katako mai siffar T da suke kira rozell, a juya da doguwar wuƙar katako ko ta ƙarfe mara kaifi. Kowane kafinta zai iya yi miki rozell, amma hannun sai an koya: a kwanakin farko ko dai a danna da ƙarfi a yaga, ko a yi sanyin hannu ƙullu ya taru gefe ɗaya. In an iya, babu abin da ya kai shi fitar da kirep mai faɗi da sirantaka, ɗaya bayan ɗaya ba hutawa.

Tambayar ita ce wuta. Billig na lantarki yana cin wat 2,500 zuwa sama da 3,000. Mai 2,500 yana jan kusan amfiya 11, wato ƙaramin janareto ba zai ko motsa shi ba, ƙaramar sola ma haka, kuma siririyar wayar jona-jona za ta yi zafi har ta narke. In aka ɗauke wuta kina tsakiyar tuya, aiki ya tsaya. Akwai na gas, kuma a ganina duk mai niyyar sana'a a garuruwanmu shi ya kamata ta nema. Faifan yana daɗewa da zafi bayan an kashe, a nisanta shi da yara.

Kaskon da ke kicin ɗinki

Kafin ki kashe ko sisi, duba abin da kike da shi. Kaskon sinasir, in ƙasansa a shimfiɗe yake kuma ya sha mai ya yi baƙi, zai yi kirep mai kyau, sai dai ƙarami. Farantin ƙarfe na gashin gurasar Indiyawa ma yana yi. Wanda ba ya yi shi ne kaskon suya mai zurfi, inda ƙullu ke gangarawa tsakiya, da siririn kaskon silba da ke ƙona wuri ɗaya.

Ga su a jere. Farashin kimantawa ce ta shagunan Faransa. Yuro ɗaya sefa 656 ne a tsayayyen canji, mai Naira kuma sai ta duba canjin ranar, a ƙara kuɗin dako.

| Kasko | Kuɗi a Yuro | Ƙarko | Sauƙi | Abin tsoro | Wutar da ta dace |
|---|---|---|---|---|---|
| Nonsitik | 15 zuwa 30 | 'Yan shekaru | Tun ranar farko | Zafi fiye da digiri 260, jabu | Gas, risho |
| Baƙin ƙarfe | 20 zuwa 40 | Har a bar wa 'ya'ya | Sai an shayar da shi mai | Tsatsa, mariƙi mai zafi | Kowace iri |
| Zubin ƙarfe | Mai suna ya haura 100 | Mai daɗewa in bai faɗi ba | Nauyi, sai da katako | Tsagewa | Kowace iri |
| Ƙaramin na lantarki | 30 zuwa 70 | Matsakaici | Mai sauƙi | Ɗaukewar wuta | Lantarki kawai |
| Billig | Daga 200 zuwa sama | Mai daɗewa sosai | Sai an koyi hannu | Cin wuta, ƙuna | Lantarki mai ƙarfi ko gas |

Wanne ne naki?

In sau ɗaya a wata za ki yi, don baƙi ko don marmarin yara, kuma da gas kike girki, sayi nonsitik na kirki mai santimita 24 ko 25, ki haɗa da cokalin katako, ki ɓoye shi daga soson waya. Haka amaryar da ke koyon girki kuma ba ta son abin da zai karya mata gwiwa.

In kirep zai shiga karin kumallon gidanki duk mako, ko kina son na buɗa-baki a watan azumi da nikakken nama da albasa a ciki, baƙin ƙarfe za ki saya, ki yi haƙurin zama biyar na farko. In da gawayi kike girki, shi ne ma kaɗai zaɓin da zan sa hannu a kai. Amma ki duba gidanki da gaskiya: in hannu da yawa ke shiga kicin, kuma kin san za a jiƙa shi a baho, ko dai ki riƙa wanke shi da kanki ko ki haƙura da shi.

Ƙaramin na lantarki na mai tsayayyar wuta ne, ko ɗalibar da ke ɗakin da aka hana kunna gas. Billig na wadda za ta sayar ne, a ƙofar makaranta ko wurin biki, kuma ta nemi na gas mai santimita 40. Kafin ta fita da shi kasuwa, ta kwaɓa ƙullu mai araha na fulawa da ruwa da ƙwai ɗaya, ta yi mako guda tana jan rozell a gida har hannunta ya faɗa.

Ko wanne kika ɗauka, kada kirep na farko ya tayar miki da hankali. Faransawa da kansu sun san na farko yakan lalace, domin mai bai gama bazuwa ba, zafi bai daidaita ba. Ki duba shi: in ya yi kauri, ƙara madara cokali biyu ko uku a ƙullun, in ya yi fari yana kamawa, ƙara wuta, in ya kame kafin ya zagaye kaskon, rage ta, ki zuba na biyu.